Murhun Lantarki da Zauren Yaya Bukar

Na so in bar wannan magana sai na gama ba ku labarin zamana da mahaifinku a Ƙofar Ruwa, amma Mustafa ya sa na tsallako. Ranar sadakar ukun Kawunku Bukar ina cikin ɗaki, labule kaɗai ya raba mu, na ji shi yana ce wa wani abokinsa:

"Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Mun yafe masa har abin da ya yi wa Umma a kan murhu."

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Kai, Mustafa! Wa ya ba ka yafiyar da kake rabawa? Amma ban ga laifinka ba, ɗana, domin ni na ɗora ku a kan wannan magana da bakina, ni kuma ya kamata in sauke ku. Kai da Zara kun yi shekaru kuna kallon yayana a matsayin wanda ya yi mini baƙin cikin murhu har ya yi fushi ya bar zaurensa. Ba haka aka yi ba. Ku ji yadda aka yi, ko da yake ni ce zan fito da kunya a ciki.

Bayan rasuwar mahaifinku na dawo gidanmu na Jakara, gidan kakanku Baba Goni, wanda iyayensa suka zo daga Barno tun ba a haifi kowa a cikinmu ba. Kun san gidan: ginin ƙasa, rufin azara, a ƙarshen lungun da ko akuya biyu ba sa iya jerawa. Mu biyu muka rage a ciki, ni da Yaya Bukar. Matarsa ta rasu tun kuna ƙanana, Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai sake aure ba. Ni nake dafa mana abinci, shi yake riƙe da ƙofa. Sana'arsa wankin hula, a zauren da Baba Goni ya yi shekaru yana ba da karatu. Shi da abokan sana'arsa biyu, tsofaffi irinsa, kowa da dutsen gugarsa na lantarki. Su wanke, su sa sitati, su kifa a kan itacen hula a rana, da an kawo wuta kuma su hau guga. Har daga Ƙofar Dawanau ake kawo masa huluna, domin an ce idan ya goge zanna sai ta tsaya a kai kamar an dasa ta. Mutum ne marar magana. Idan ya ce maka "to", ya yi maka hira mai tsawo ke nan.

Wutar gidan kuwa Baba Goni ne ya jawo ta ina yarinya, don ƙwan fitila huɗu kawai, daga baya aka ƙara fanka da rediyo. An bi bango da siririyar waya an kafe ta da ƙananan ƙusoshi. To kun san al'adarmu a cikin birni, duk shekara kafin damina sai an yi yaɓe. Magini ba ruwansa da waya, laka kawai yake shafawa. Bana a rufe kaɗan, baɗi a ƙara, har wayar ta nutse a cikin bango, ba wanda ya ƙara sanin ta inda ta bi. Mu dai mun san idan aka danna a nan, haske ya zo a can. Yaya ne kawai ya ja wa duwatsun gugarsa gajeriyar waya mai kauri daga jikin mita, tunda a zauren take. A shekarun nan ana kawo wa layinmu wuta da hantsi a ɗauke bayan azahar, kusan kullum haka, sai kowa ya ruga ya yi abin da zai yi kafin ta tafi.

A wata shekara cikinsu tari ya kama ni. Tun ina cewa mura ce har na kai idan na hura wuta sai na zauna na dafe ƙirji ina neman numfashi. Zara, kina aikin jinya a Kaduna a lokacin, kika zo kika tasa ni gaba sai asibiti. Likita ya ɗauki hoton ƙirjina, ya kalle shi, ya kalle ni.

"Hajiya, ke da hayaƙi kun rabu. Ba itace, ba gawayi, ba risho. Har turaren wuta."

"Likita, ka san da wa kake magana? Babarbariya ce fa a gabanka. In bar turaren wuta in yi wari?"

"Ki zaɓa, Hajiya, ƙamshi ko numfashi."

Kika ce za ki saya mini gas, na ce ko kusa. Ni dai tukunyar nan tsoro take ba ni, ba zan kwana da ita a ƙarƙashin azara ba. Kika yi lallashi har kika gaji, sannan kika ce to murhun lantarki. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Bayan mako biyu sai ga shi an turo a kura, domin mota ba ta shiga lungunmu. Fari fat, kai huɗu, da wurin gashi a ƙasa, mai kanti ma har ya sa masa fulogi. Na zagaya shi ya fi sau biyar ina shafawa. Ban taɓa mallakar abu mai kyau irinsa ba, kuma abin da ya fi daɗin, 'yar cikina ce ta saya da guminta.

Yaya ya shigo, ya sa tabarau, ya durƙusa a bayan murhun ya daɗe yana karanta wani ɗan ƙarfe mai lambobi. Da ya miƙe sai ya ce:

"Allah ya sa alheri. Amma kada ki jona shi, Fanna, sai Malam Sabo ya gani."

"Me zai gani? Ba ga soket can inda nake jona rediyo ba?"

"Rediyo daban, wannan daban. Ki jira."

Malam Sabo shi ne mai gyaran wutar unguwarmu, dattijo ne, kuma a lokacin ya tafi wani aiki a ƙauye, an ce sai bayan mako biyu. Na jira kwana ɗaya, na jira biyu, na jira biyar. Ina tsugune gaban itace ina tari hawaye na zuba, ga murhu can a rumfa lulluɓe da zani. Ko waliyyi ne a wurina sai ransa ya ɓaci, balle ni da kuka san ba a yi mini rabon haƙuri ba.

Rana ta shida matan unguwa suka shigo ganin kaya, su wajen bakwai. A cikinsu akwai maƙwabciyata Lanti, wadda bakinta ba ya da linzami. Ta ɗaga zanin ta leƙa, ta tafa hannu.

"Oh ni! An kawo amarya an bar ta a lulluɓe? Ko dai na ado ne, Hajiya Fanna?"

Mata suka kwashe da dariya. Shi ke nan, shaiɗan ya samu wurin zama. Na ce su kama mini, muka ja shi kusa da soket, na jona, na murɗa kai biyu. Ba a yi minti biyu ba muka ji "tas", fanka ta tsaya. Lanti ta ce ai wannan ba komai ba ne, fis ne ya ƙone, haka nasu yake yi, maigidanta waya mai kauri yake naɗa masa ya huta. Akwatin fis na cikin gida a soron ciki yake, ba a ganinsa daga zaure. Ta je ta zaro, ta warware wata tsohuwar waya ta ninka huɗu, ta naɗa, ta mayar. Fanka ta tashi. Aka yi guɗa kamar gidan biki. Ni kuma don in nuna musu, na kunna kai huɗun gaba ɗaya har da wurin gashin, na ɗora ruwa, na ɗora miya. Can sai wani ƙauri ya fara tashi. Wata ta ce tana jin wari, na ce ƙaurin sabon abu ne, haka yake yi ranar farko. Ban san komai a kai ba, faɗa kawai na yi.

Abin da ya shigo da Yaya shi ne duwatsunsu sun huce a hannunsu alhali ba a ɗauke wuta ba. Ya yi sallama sau ɗaya ya faɗo, abin da bai taɓa yi ba idan akwai mata. Ya tsaya a tsakar gida yana shaƙar iska. Bai ko kalli murhun ba, ya nufi ɗakin Baba Goni inda muke ajiye Alƙur'aninsa na rubutun hannu da allunansa. Bai daɗe ba ya fito da gudu, dattijo mai ciwon gwiwa, ya yi zaure ya fizge katawut, wato abin da ke yanke wutar gidan gaba ɗaya. Ya dawo, ya ɗauki wuƙar da nake yanka albasa, ya kama wayar murhun ya datse fulogin ya jefa a aljihu. Duk a gaban mata.

"Na ce ki jira. Gidan nan zai kama."

"Shekara hamsin bai kama ba sai yau da 'yata ta saya mini abu?"

"Fanna."

"Ka bar ni in faɗa! Duwatsunka uku suna shan wuta kullum ba wanda ya ce uffan. Nawa guda ɗaya ne ya tsone maka ido. Baƙin ciki ne kawai. Wanda bai haifa ba ina zai san daɗin abin da ɗa ya saya?"

Na faɗa. Da wannan bakin na faɗa, ga mata bakwai suna ji. Ko Lanti sai da ta sunkuyar da kai. Yaya ya kalle ni, ba fushi a fuskarsa, wani abu ne da ya fi fushi ciwo. Ya ajiye wuƙar a kan turmi a hankali ya fita. Magana zarar bunu ce, kuma tun kafin ya kai soro na san na zaro abin da ba zai koma ba. Amma girman kai ya hana ni bin sa. Har yau idan na tuna sai na ji zuciyata ta yi nauyi.

Kusan mako guda muka yi a gida ɗaya kamar baƙi. Ya mayar da wutar zaure, ya bar cikin gida ba ko ƙwai, ni kuwa na ɗauka horo ne. In ajiye masa kwano a bakin soro, ya ci ya ajiye. "Ina kwana," "Lafiya," iyakarta ke nan. A wannan tsakanin ne na buga muku waya ina kuka, na ce Kawunku ya yanke mini murhu ya bar ni a duhu don hassada. Ban gaya muku ya ce in jira ba, ban ambaci Lanti da wayarta ba. Zara ta ce za ta zo ta same shi, na ce ta bari, babba ne. Kun ga, har na sami ladan haƙuri a wurinku a kan ƙarya.

Sai ga Malam Sabo wata safiya da naɗin waya mai kauri kamar yatsa. Na ɗauka Zara ce ta aiko shi, ban tambaya ba, shi ma bai ce komai ba. Kwana uku yana aiki. Ya ja sabuwar waya daga mita har rumfata a cikin bututun roba, a fili a kan bango inda ido zai gan ta. Ya sa wa murhun makunni nasa shi kaɗai, babba mai jan kai, ya sake wayar ƙwai da fanka duka. Ya daɗe a ɗakin Baba Goni da wani magini, na ji suna sassaƙa, na ce ko gyaran damina ne. Da ya gama ya ce in kunna duk abin da nake so. Na kunna, ba ƙauri, ba komai.

A ranar ce kuma na ga ana fitar da kaya daga zaure. Teburan guga, itatuwan hula, bahon wanki, duk aka ɗora a kura. Na leƙa ta soro na ce:

"Ina za a kai su?"

"Kurmi. Na sami rumfa."

"Saboda ni?"

"Kasuwa ta fi mutane."

Na ce a raina, to, ya ga an gyara ba da sonsa ba, ya yi zuciya. Haka na gaya muku, haka kuka riƙe. Kullum da sassafe sai in ji ƙarar sandarsa yana fita, ya dawo gab da magariba yana jan ƙafa. Zauren da ya saba cika da hira ya koma wurin ajiye tabarmi. Ni kuwa na shiga sabuwar rayuwa. Da an kawo wuta in dafa na rana da na dare in zuba a kula. Ranar da ba a kawo ba Yaya ya shigo mana da abinci daga kasuwa, bai taɓa bari na kusanci itace ba. Tari ya tafi kamar an cire da hannu. Na koma yin azumin nafila, na koma zuwa suna da biki da ƙafata. Muka shirya da shi sama-sama, irin shirin da ba a tone komai ba.

Shekara biyu ana haka. Sai kai Mustafa ka ce za ka aiko mini da firiza in riƙa yin ƙanƙara da zoɓo. Wannan karon na yi hankali, na aika aka kira Malam Sabo tun kafin kaya su zo. Ya zauna a bakin rumfa, na ba shi ruwa, na ce soket nake so a ƙara mini. Ya yi lissafi da yatsu.

"Firiza ƙarama za ta shiga, Hajiya. Amma daga ita kada a ƙara ko tukunyar shayi. Rabon Malam Bukar ne ya rage, shi za ki cinye."

"Wane rabo?"

"Au, bai gaya miki ba?"

Ya so ya janye, na ce wallahi ba zai tashi ba sai ya faɗa. Ya nuna mini rufin ɗakina da hannu.

"Kin ga indararon can? Ruwan da aka yi shi dominsa kawai yake iya zubarwa. In ruwa ya fi ƙarfinsa, ba fasa sauka zai yi ba, cikin rufi zai nemi hanya. Haka waya take. Ta cikin gida na sake miki, wannan a hannuna yake. Amma wadda ta taso daga falwaya ta ratso gida biyar kafin ta iso ku, guda ce, kuma ba a kawo layi na biyu lungun nan ba. Mun je ofishin wuta ni da shi har sau uku, aka ce babu hali yanzu. Na ce masa, Malam Bukar, wayar nan za ta ɗauki duwatsu uku, ko ta ɗauki murhun nan, amma ba za ta ɗauki duka ba. Na ce ko ku raba lokaci. Ya ce wane lokaci, wutar da ke zuwa da hantsi ta tafi da azahar? Ya ce a ba ki."

"To ai da sai ya yi guga da gawayi a zauren."

"Na faɗa masa. Ya ce iskar zauren cikin gida take shiga, kuma likita ya hana ki hayaƙi."

Shi kuwa tunda ya fara sai ya ƙarasa. Ya ce ranar da muka naɗa wa fis waya, mun cire mai gadin gidan ne da hannunmu, domin aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Tsohuwar wayar da yaɓe ya binne ta bi ta kan azarar ɗakin Baba Goni, daidai saman inda gafakar Alƙur'ani take rataye. Da Yaya ya shiga ya dafa bango, zafi ya sa ya janye hannu. Da suka sassaƙe laka, suka tarar robar wayar ta narke, azara biyu sun zama gawayi ta ciki, sai da aka sake su. Ya ce da an ƙara ɗan lokaci kaɗan, da ba gidanmu kaɗai ne zai ƙone ba, domin azararmu da ta su Lanti bango ɗaya suka dafa, kuma motar kashe gobara ba ta da hanyar shigowa. Sannan ya ce ba Zara ce ta aiko shi ba, Yaya ne ya bi shi har ƙauyen da yake aiki ya taho da shi.

Ban jira ya gama shan ruwansa ba. Na zari mayafi na fita, ko takalmin kirki ban sa ba. Rabon da in shiga Kurmi da ƙafata har na manta. Na yi ta tambaya layi-layi, ina masu wankin hula, ina Malam Bukar Babarbare, har aka nuna mini wata 'yar rumfar kwano a ƙurya, wadda ba ta kai rabin zaurenmu ba. Ba wuta a wurin. Na hango shi tun daga nesa, ya buɗe bakin dutsen guga na gawayi ya kusanto da shi fuskarsa yana hurawa, toka na tashi tana sauka a gemunsa, idanunsa jawur. Irin tsugunon da na yi shekara arba'in ina yi gaban murhu, shi na gani a jikin yayana.

Ya ɗago ya gan ni, sai ya yi sauri ya rufe dutsen ya tura shi bayansa.

"Fanna? Lafiya? Matsa baya, akwai hayaƙi."

Wannan kalma ita ta karya ni. Na durƙusa a nan cikin kasuwa, tsohuwa da ni, na fashe da kuka. Abokan aikinsa suka tashi suka ba mu wuri.

"Yaya, Malam Sabo ya gaya mini."

"Sabo ya tsufa, bakinsa ya saki."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na ce miki gidan zai kama. Kin ba ni amsa."

"Ka yafe mini abin da na ce. Don Allah, don darajar Baba."

Ya juya wata hula a hannu, ya ce:

"Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma na zauna na duba, na ga ba gaskiya kika faɗa ba, sai na huta. Wa ya ce ban haifa ba? Zara 'yar wa ce? Wa ya kai ta makaranta a kan keke? 'Yata ta sayi abu don uwarta ta yi numfashi, ni kuma in tsaya a hanya da dutsen guga?"

Na ce ya dawo zaure, ni zan koma itace, ko in karɓi gas ɗin da na ƙi. Ya yi 'yar dariya ya ce ya san ni, gas zai shigo ta ƙofa ni in fita ta katanga. Ya ce ya riga ya saba, kuma gawayi ya fi kwantar da sitati. Ƙarya yake yi don in ji sanyi, na sani. Sannan ya ɗaure fuska ya ce abu ɗaya yake so: kada in gaya wa yara. Ya ce idan Zara ta ji kyautarta ce ta fitar da shi daga zaure, ba za ta ƙara kallon murhun nan da farin ciki ba. Na ce to su ci gaba da ganin ka da laifi? Ya ce laifin kawu ba ya hana a gaishe shi da Salla. Na yi masa alkawari. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙara: alkawarin ya yi mini daɗi, domin ya rufa mini asiri a wurinku. Da na matsa masa da ya bari na faɗa, amma ban matsa ba.

Daga ranar ban ƙara ajiye masa kwano a bakin soro ba. Ni nake kai masa har ɗaki in zauna sai ya gama. Na ce maka, Mustafa, ka bar firizar, ka yi ta mita kana cewa Kawu ne ya sake hanawa, na yi shiru. Ni na ƙi, domin na kasa cinye ɗan abin da ya rage na rabonsa. Ya yi shekara bakwai yana zuwa rumfar nan bayan wannan. A biyun ƙarshe sai ya fara tari. Ba zan ce gawayi ne ya kai shi ba, kwana ne ya ƙare, kuma Allah ne masani. Amma na san sautin tarin nan, domin nawa ne. Ina kwance a ɗakina ƙirjina wasai, ina jin sa yana fitowa daga nasa.

Zara, kada ki ɗora wa kanki komai, na roƙe ki. Kyautarki ta ƙara mini shekarun da na ga auren 'ya'yanki, kuma shi da kansa ya fi kowa alfahari da ita. Duk baƙon da ya zo sai ya ce a shiga a ga murhun da 'yarsa ta saya. Na gode miki, na gode wa Malam Sabo da bakinsa ya saki, na gode wa Allah da ya ba ni ɗan'uwa irin wannan, ya kuma ba ni dama na durƙusa a gabansa tun yana da rai. Na karya alkawarin da na yi masa, na sani. Idan mun haɗu zan ba shi haƙuri, ya saba.

Wayar tana nan a kan bango cikin bututunta, na hana magini ya shafa mata laka, ku ma kada ku bari bayan raina. Murhun ma yana nan, kai ɗaya ne kawai ya mutu. Idan kun zo hutu kuka ci tuwon da na tuƙa a kansa, kafin ku ce sannu Umma, ku fara cewa Allah ya jiƙan Kawu. Kai kuma Mustafa, ka nemo abokin nan naka ka gyara maganar da ka faɗa masa. Ka ce masa ba mu ne muka yafe wa Kawu ba, shi ya yafe mana.